Idan Macijin Masara Ya Ƙi Cin Abinci a Lokacin Barbara

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, wani sa'in har cikin Yuni, macijin masara da ya balaga yakan juya wa abinci baya. Ka miƙa masa ɓera, ya zaro harshe ya lashi iska, ya bi ta kan ɓeran ya wuce, ya koma sintirinsa a jikin gilashin akwatinsa. Alhali shi ne wanda a watan Nuwamba, kafin ka gama buɗe ƙofa, ya riga ya cafke. Nan take hankalin mai shi yake tashi: yau ya canza fitila, gobe ya sauya shimfiɗa, kullum yana ɗumama ɓera yana zubarwa. Guda biyu nake kiwo a gidana a nan Manchesta, namiji da muke kira Jatau da mace da yara suka sa wa Kande. Abin da zan rubuta shi ne yadda nake bi da su idan wannan lokaci ya zo.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, maciji ne na kudu maso gabashin Amurka, wajen jihohin Fulorida, Jojiya da Karolina, masana suna kiransa Pantherophis guttatus. Ba shi da dafi ko kaɗan, naɗe abin da ya kama yake yi ya matse shi. Babba yakan kai mita 1.2 zuwa 1.5, kuma a hannun mai kula yakan yi shekara 15 zuwa 20, har fiye. Sanyin halinsa ne ya sa ya cika shagunan dabbobi a Ingila da Amurka. Duk abin da zan faɗa a kansa ne shi kaɗai. Kada wani ya karanta ya ɗauka kububuwa ko kasa ko kumurcin da ke bayan gari a gida abin sawa a akwati ne. Waɗannan kisa suke yi.

Abin da ke faruwa a jikinsa

A dajin da ya fito, a ɓoye yake cin hunturu, cikin rami ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, ci da yawo su ragu ƙwarai. Da gari ya fara ɗumi sai ya fito, barbara ta kankama daga Maris zuwa Mayu, matan su zuba ƙwai daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli. Wanda aka ƙyanƙyashe a ɗakin wani makiyayi a Ingila bai taɓa ganin wannan daji ba, amma lissafin yana jikinsa. Ko da zafin akwatinsa bai motsa ba duk shekara, hasken taga yana gaya masa. A garin nan yinin Disamba bai kai awa 8 ba, na Yuni kuwa yana kusan awa 17, kuma tun ana tsakiyar wannan ƙaruwa maciji yake jin ta.

Namiji sai ya zama ba abin da ke gabansa sai neman mace. Fatar macijiya tana fitar da wani ƙamshi da mu ba ma ji, shi kuwa da harshe yake ɗebo shi ya kai wa wata gaɓa da ke ganɗarsa. Ko babu mace a gidan, ko a unguwar ma, sai ya nema. Wanda ya taɓa kiwon bunsuru ya san yanayin: dusa tana gabansa, hankalinsa yana wani garke. Ga shi kuma ciki cike da ɓera kaya ne ga mai yawo, don narkar da shi kwanaki yake ɗauka, a kwance wuri mai ɗumi.

Abin da ya sa wannan azumi ba ya kayar da shi kuwa, jikinsa ba ya ƙona abinci don ya ɗumama kansa irin namu. Daga waje yake samun zafi, saboda haka abin da yake kashewa a yini kaɗan ne ƙwarai. A 2007 Marshall McCue na Jami'ar Arkansas ya wallafa bincike a kan macizai iri uku da aka bari kusan wata 6 ba abinci, ciki har da wani ɗan'uwan macijin masara na kusa. Ya ga suna iya rage ƙonewar kuzarin jikinsu da abin da ya kai kashi 72 cikin ɗari. Don haka babban namiji lafiyayye da ya yi mako 6 ko 8, ko ma wata 3, bai ci ba a wannan lokaci, ba baƙon abu ba ne a wurin masu kiwo.

Na san abin da ke ci wa mutum rai. Mun tashi da hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya rufe dabba a akwati ya san hakkinta yana wuyansa, kuma wannan tsoro mai kyau ne, kada ya bar ka. Fita hakkin maciji a watannin nan shi ne ka tabbatar ƙin cin na lokaci ne ba na ciwo ba, ka ci gaba da miƙa masa a kan ƙa'ida, idonka yana kansa.

Wa ke hannunka?

Tambaya biyu kafin komai: shekarunsa nawa, kuma namiji ne ko mace?

Idan ɗan jariri ne, ko bai cika shekara ba, rufe maganar barbara gaba ɗaya. Macijin masara yakan balaga ne tsakanin wata 18 da shekara 3. Ƙarami ba shi da kitsen da zai jingina da shi, kuma ƙin cinsa kusan kullum daga sanyi ne, ko tsoro, ko akwatin da ya yi masa girma babu maɓoya. Wannan idan ya tsallake ci uku ko huɗu a jere, a nemi wanda ya sani.

Maganar jinsi kuwa ita ce ke raba hanya, don azumin namiji haƙuri yake bukata, na mace kuma shiri. Ka ɗaga shi a hankali ka duba daga mafitar bayan gida zuwa ƙarshen wutsiya. Ta namiji doguwa ce, kaurinta yana tafiya ɗaya na ɗan tazara kafin ta fara sirancewa, saboda kayan barbararsa guda biyu a nan suke kwance. Ta mace gajera ce, tana tsukewa nan da nan. Ido yakan yi kuskure a nan. Ƙwararru suna da wani siririn ƙarfe da suke sawa su auna zurfi, amma kada ka gwada shi don ka kalli bidiyo, rauni a wurin nan ba ya warkewa da sauƙi. Likitan dabbobi ko tsohon makiyayi zai duba maka cikin minti ɗaya.

Kuma kada ka dogara da abin da aka gaya maka ranar saye. Ɗan wani abokina, yaro ɗan sakandare, ya kira ni wata shekara cikin Afrilu. "Kawu, nawa ya daina ci, kuma sai tono yake ta yi a kusurwa." Na ce, "Ɗana, namiji ne ko mace?" Ya ce a shago namiji aka ce masa. Da na je na ga rabin jikin na baya ya cika har fata tana leƙowa, wutsiya kuma gajera, a daren muka haɗa akwatin ƙwai. Bayan 'yan kwanaki ta zuba. Ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba.

Sikeli

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani ido bai isa ba. Mai damuwa kullum gani yake macijinsa ya rame, mai sakaci kuma ba ya ganin ramar sai ta yi nisa. Sikelin kicin na lantarki, wanda ke nuna giram, shi ne zai raba gardama, kuma duk cikin kayan kiwo babu abin da ya kai shi amfani a kuɗi kaɗan. Ka ɗora roba mai murfi, ka mayar da lamba sifili, ka sa maciji, ka rufe, ka jira lambar ta tsaya, ka rubuta da kwanan wata. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Mafi muhimmanci shi ne awon Janairu, kafin ya fara ƙin ci, don da shi za ka riƙa kwatantawa. Idan ba ka da shi, fara yau.

Iyakar da masu kiwo da likitoci suka fi amfani da ita ita ce kashi 10 cikin ɗari. Macijin giram 500 da ya sauko 485 bayan wata guda lafiyarsa lau, wani ɓangare na abin da ya ragu ma bayan gida ne da ya yi. Idan ya doshi 450, lokacin ganin likita ya yi. Ka lura da saurin saukar fiye da lambar kanta. Mai azumin barbara a hankali yake sauka, giram kaɗan-kaɗan. Wanda ya zubar da giram 30 ko 40 cikin mako biyu, wani abu ne ke cinsa, ko da bai kai waccan iyaka ba. Jatau yakan shiga Fabrairu da giram 520 ko kusa da haka, ya fita daga azuminsa bai sauka ƙasa da 490 ba, kuma ganin wannan a rubuce shekara bayan shekara shi ya sa nake barci.

Hannu ma yana da abin faɗa. Lafiyayye cikinsa a shafe yake, gefunansa a tsaye, bayansa a zagaye, yana riƙe ka da ƙarfi idan ya naɗe hannunka. Idan ƙashin baya ya fito ya yi tsini, fata ta yi laƙwas tana naɗewa a gefe, ko ya zama saɓal-saɓal a hannu, wannan ba barbara ba ce.

Kada ka ɗora wa lokaci laifin akwati

Watannin barbara su ne kuma watannin da zafin gidajen Ingila yake rikicewa. Mutane suna kashe hita ta gida cikin Maris ko Afrilu don kuɗin gas, ɗaki ya yi sanyi da dare, tabarmar ɗumi da ke ƙarƙashin akwati ta kasa cike giɓin. Ko kuma akasin haka, rana ta fara shigowa ta taga ta bugi gilashi da hantsi, ciki ya yi zafin da bai kamata ba. Maciji da ke jin sanyi ba zai ci ba, don ya san ba zai iya narkarwa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Saboda haka ka auna, kada ka ƙiyasta. Ɓangaren ɗumi ya kasance digiri 28 zuwa 30, ɓangaren sanyi 20 zuwa 24. Ka yi amfani da ma'aunin zafi na lantarki mai waya, ka ajiye kan wayar a ƙasa inda cikin maciji yake taɓawa, ka duba da rana, ka duba da asuba. Waɗancan masu zagaye da ake mannawa a bango ba abin dogaro ba ne. Duk abin da ke ba da zafi, fitila ce ko tabarma, dole ya bi ta na'urar daidaita zafi. Laima ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 60. Maɓoya biyu aƙalla, ɗaya a kowane ɓangare, matsattsu waɗanda jikinsa zai taɓa gefunansu. Ruwa mai tsabta kullum, don mai azumi yana sha.

Sai ka tambayi kanka abin da ya canza kwanan nan. An matsar da akwati? An kawo kyanwa tana hawa kai? Yara sun samu hutu suna ɗaukarsa safe da yamma? Ko ka sauya wurin sayen ɓera? Kowanne daga ciki yana iya rufe masa baki.

Saɓa ma haka. Idan launinsa ya dushe, ido ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa madara, yana shirin saɓa ne kuma da ƙyar yake gani. Ka bar shi, mako ɗaya zuwa biyu zai tuɓe, sannan ka gwada.

Yadda ake miƙawa

Kuskuren da na fi gani shi ne bin maciji da ɓera kullum. Duk buɗe ƙofa da kaɗa masa abu a fuska tsoratarwa ce, kuma yana iya koyon gudun abincin kansa. Idan ya ƙi, ka bari sai bayan kwana 10 zuwa 14. A tsakani kada ka gwada komai.

Ranar gwaji, ka rage girma. Idan babban ɓera ya saba ci, ka ba shi matsakaici ko ƙarami. Sau da yawa namijin da ya tsallake babba yakan ɗauki ƙarami, don ba zai hana shi yawo ba, kai ma asararka ta ragu idan ya ƙi. A kowane hali, kaurin ɓera kada ya wuce ɗaya da rabi na wurin da jikin macijin ya fi kauri. Ka fitar da shi daga firiza tun dare, ya narke a firji cikin roba mai murfi. Kafin miƙawa ka sa shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi har ya kai zafin jikin mai rai, wajen digiri 37 ko 38, ka latsa cikinsa ka tabbatar babu sauran ƙanƙara. Kada ka sa shi a maikirowef, waje yakan dahu ciki yana daskare, ko ya fashe. Macijin masara ba shi da ramukan jin zafi a fuska irin na mesa, da wari da motsi yake farauta, amfanin ɗumin shi ne ya tayar da warin.

Lokaci kuma bayan magariba, fitila a kashe, ɗaki shiru. Ka riƙe ɓeran da dogon hantsaki, ka ja shi a ƙasa a hankali kusa da bakin maɓoya, kana ɗan janye shi kamar mai gudu. Kada ka dungure masa hanci da shi. Idan minti biyu ko uku suka wuce bai kula ba, ka ajiye ɓeran a kan murfin roba a bakin maɓoya, ka rufe gilashi da zane, ka tafi. Da yawa sun fi son ci ba ido a kansu. Da safe idan yana nan ka jefar, kada ka mayar firiza.

Idan azumin ya yi tsawo, sikeli kuma ya fara matsowa iyaka, akwai dabarun tsofaffin makiyaya. Ɗan tsako mai kwana ɗaya, wanda ake sayarwa a daskare, yakan buɗe bakin wanda ya ƙi ɓera, ko ka goga tsakon a jikin ɓeran don wari. Wasu suna huda kan mataccen ɓeran da allura su ɗan matsa, warin ƙwaƙwalwa yana ja sosai. Wasu kuma suna sa maciji da ɓeran a ƙaramar roba mai ramukan iska, su ajiye ta cikin akwatin a ɓangaren da ba zafi, su kwana tare. Dabara ɗaya a kowane gwaji, don ka san wadda ta yi aiki.

Abu biyu ba na yi, kuma ina roƙon kada ka yi. Na farko ɓera mai rai. Macijin da ba ya jin yunwa ba zai kashe shi ba, ɓeran kuwa idan ya kwana a ciki zai iya gwaguyar macijin har ƙashi, ban da azabar da shi kansa ɓeran yake sha. Na biyu ɗure. Buɗe bakin babban maciji da ƙarfi a tura masa abinci aikin likita ne ga dabbar da ke bakin mutuwa. A yi wa lafiyayye, sai dai ya amayar, ya ƙara tsanar abinci.

Wanda yake kiwon irin wannan maciji a gida Najeriya ko Nijar, inda daskararren ɓera ke wuyar samu, kada ya kama na ɗaki ko na rumbu ya ba shi. Mai yiwuwa ya ci guba, yana ɗauke da tsutsotsi, kuma wani nau'in ɓeran gida da gona a Afirka ta Yamma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ga mutane. Ko a nan ma, daskararren ɓera da maciji duka suna iya ɗaukar ƙwayar salmonela. Ni ƙaramin firiza daban na ajiye musu a rumfar bayan gida, hantsakinsu da robarsu ba sa shiga kicin, kuma kowa ya taɓa sai ya wanke hannu da sabulu.

Namiji mai sintiri

Haɗarin da ya fi kusa da namiji a watannin nan ba yunwa ba ce, tserewa ce. Zai bi kowane lungu yana turawa da hanci, kuma duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi. Ka sa makulli a ƙofar gilashi mai zamewa, ka duba ramukan da wayoyi suke bi da ragar iska. Ka riƙa duba hancin, don yawan gogawa yakan saɓule fatar wurin. Idan ya fara ja, ka manna takarda a ƙasan gilashin ta waje, ka ƙara rassan hawa da bututun kwali, ka fito da shi ya yi yawo a gabanka na ɗan lokaci da yamma idan ya saba da hannu.

Idan kana da mace a ɗaki ɗaya, ka raba musu ɗaki. Tun Fabrairu nake mayar da akwatin Kande ɗakin sama, kuma Jatau nake fara taɓawa kafin ita, ko na wanke hannu a tsakani. Ba ya hana azumin, amma sintirin yana raguwa. Kada kuma wani ya ce ka samo masa mace don ya huce. Sau da yawa ba ya komawa ci sai lokacin ya wuce, kai kuma ka wayi gari da ƙwai 20 da jarirai 20 masu neman akwati da mai saye. Su kansu masu kiwo ba sa haɗa mace sai ta cika shekara 3, ta kai tsawon santimita 90 da nauyin giram 300.

Idan mace ce

A nan nake so a fi nutsuwa, don a nan ake rasa dabba. Macijiya takan ci sosai a farkon lokacin, sannan ta daina idan ƙwai sun cika mata ciki, babu wurin abinci. Kuma tana iya yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba. Alamar ita ce rabin jiki na baya ya yi kauri, sikeli bai sauka ba ko ma ya hau duk da ba ta ci, idan ta bi ta tafin hannunka a hankali kana jin gudaji a jere. Kada ka matsa don ka ƙirga.

Kafin ta zuba takan yi saɓa, daga nan kuma yawanci kwana 7 zuwa 14 ne. Ka rubuta ranar wannan saɓa. Tun kafin ta ka shirya akwatin ƙwai: roba mai murfi wadda za ta ɗauke ta a naɗe da sauran wuri, ka yanke rami a murfin da ya fi kaurinta, ka goge bakin ramin kada ya yanke ta, ka cika rabi da gansakukar da ake sayarwa a shagon dabbobi. Ka jiƙa gansakukar ka matse har ta daina ɗiga. Ka ajiye robar tsakanin ɓangaren ɗumi da na sanyi. Babban kwanon ruwa kuma ka canza shi da ƙarami, don wadda ba ta samu wurin da ya yi mata ba takan zuba a ruwa. Daga nan ka rage leƙe. Macijiyar da ba ta samu wuri mai laima da sirri ba tana iya riƙe ƙwan, kuma riƙewar nan ita ce mafarin matsala.

Takan zuba 10 zuwa 30. Marasa ɗa ƙanana ne, rawaya-rawaya, masu santsi. Masu ɗa farare ne, ɓawonsu mai taushi, suna mannewa da juna. Wadda ta zauna da namiji bara tana iya ajiye maniyyinsa ta yi masu ɗa bana, don haka kada ka yi mamaki. Idan kana son ƙyanƙyasa, suna bukatar wajen digiri 28 da laima na kusan kwana 60, kuma ba a juya su. Idan ba ka da inda za ka kai jariran, ka sa ƙwan a firiza tun ranar farko sannan ka zubar. Wata kuma sai ta kumbura, ta ƙi ci, daga baya jikinta ya shanye abin ba ta zuba komai ba.

Idan fiye da mako biyu ya wuce bayan saɓar tana ta nishi da murɗawa ba abin da ya fito, ko ta zuba wasu ta bar gudaji a ciki har kwana ɗaya zuwa biyu, ko ta yi laushi ba ta motsi, ƙwai ya maƙale. Kada ka tausa, kada ka tura shi da yatsa, mahaifar tana yagewa. Likita zai ɗauki hoto ya ga adadi da wurin da suke, ya yi allura, ko ya zuƙe ruwan ƙwan ya saki, ko a yi tiyata. Jinkirin kwanaki a nan yana iya zama ajali.

Alamomin da ba a jira da su

Ko namiji ko mace, ko wane wata ne, akwai abubuwan da ba ruwansu da barbara. Numfashi da baki a buɗe, ko ƙara kamar fito, ko kumfa da majina a hanci. Dasashi ya kumbura ko wani abu fari-fari ya taru a baki. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu motsi a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, maciji kuma ya tare a kwanon ruwa: ƙananan ƙwari ne masu shan jini. Zawo mai wari ko jini. Kumburi mai tauri a tsakiyar jiki tare da amai bayan ci, wanda yakan nuna wata cutar tumbi mai wuyar magani da ke yaɗuwa tsakanin macizai, don haka a ware shi nan take. Mai azumin barbara idonsa garau, harshensa yana aiki, ƙarfinsa har ya yi yawa. Wanda ya ƙi ci kuma ya kwanta, shi ne abin tsoro.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya san maciji ba, yawancinsu karnuka da kyanwoyi suke gani. Ka nemi mai duba dabbobi masu rarrafe tun kana lafiya da naka, ka ajiye lambarsa. Ranar zuwa ka tafi da littafin awo da sabon bayan gidansa a leda idan ka samu, ka ɗauke shi a jakar matashin kai da aka ɗaure, cikin roba mai ɗan ɗumi.

Ranar da ya dawo

Za ka ga alama kafin ya ci. Sintiri ya ragu, ya koma kwanciya a maɓoya da kai a waje da yamma, yana bin motsin hannunka da ido. Sau da yawa bayan wata saɓa ce. Ka fara da ƙaramin ɓera ɗaya, don tumbin da ya daɗe a rufe yana bukatar lokaci. Kada ka taɓa shi awa 48 bayan ya ci. Idan ya zauna, bayan mako guda ka ba shi matsakaici, sannan ka koma tsarinsa na da, babban ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14. Kada ka ninka don rama abin da ya wuce. Ƙiba ta fi rama yawa a macizan gida, kuma giram ɗin da ya zubar zai dawo da kansa kafin kaka. Idan ya amayar, ka ba shi mako biyu cur ba abinci, ka sake duba zafi, ka dawo da wanda ya fi na baya ƙanƙanta.

Macen da ta zuba ƙwai daban ce. Za ta fito a rame, fata tana reto, da ƙishirwa. Ka mayar mata da babban kwanon ruwa, bayan kwana biyu ko uku ka miƙa ƙaramin ɓera, ka riƙa ba ta duk mako har nauyinta ya dawo. Kada ka ɗauke akwatin ƙwai da wuri, don wasu sukan sake zubi na biyu bayan wata ɗaya zuwa biyu, kuma wannan ya fi na farko cin jiki.

A makonnin farko bayan azumi dukansu sukan kai sara ga duk abin da ya motsa a bakin ƙofa. Cizon ba dafi, ɗan karce ne da sabulu da ruwa suke isar masa, amma idan ya kama yatsa kada ka fizge, haƙoransa a lanƙwashe suke kuma suna karyewa. Ka zuba masa ruwan sanyi kaɗan a kai, zai saki. Ka gaya wa yara su bar buɗe akwatin a ranar ci, kai kuma ka riƙe hantsakin ta can ƙarshensa.